Ƙofar da Miflih Yake Kifawa

Shekara talatin da biyar ke nan ina sana'ar tagogi da ƙofofi a garinmu Ajlun. Daga kasuwa har ƙauyukan bayan dutse, da wuya ka sami gidan da ban ɗaura wa gilashi ba. Amma mijin yayata, Miflih, kafin bara sau ɗaya tak aikina ya taɓa shiga gidansa, shi ma ban kai gida ba ya warware ya sake da hannunsa. Na faɗi haka tun da wuri don kada a ce na ɓoye inda zuciyata ta karkata. Ina jin haushinsa, ina kuma ƙaunarsa, sai dai haushin ya girmi ƙaunar da 'yan shekaru.

Sunana Sayil. Yayata ita ce Fidda, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. A unguwa ba mai kiransu da sunan yanka, shi Abu Ayid ne, ita Umm Ayid, wato baban Ayid da maman Ayid, ɗansu na fari da ke aiki a Kuwait. Miflih ya yi shekara talatin yana karanta mitar ruwa gida-gida, biro a bayan kunne, tocila a aljihu. Yawan leƙa ramin mitar mutane ya sa ya ɗauka babu abin da bai san cikinsa ba. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to shi nasa bai ɗaure shi ba, gidan ya ɗaure. Ranar da ya yi ritaya ya shigo da jan akwatin kayan aiki yana murmushi, yayata ta dube shi ta ce Allah ya kyauta.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce sanyi ya shiga gwiwoyin Fidda. Tsohuwar ƙofarsu ta katako ta tsage, har ɓera yana wucewa ba tare da ya sunkuya ba. Ayid ya bugo waya ya ce a kira kawunsa ya sauya komai, tagogi da ƙofofi, a sa gilashi mai ruɓi biyu. Da yake umarnin daga Kuwait ya zo, Miflih bai iya hanawa ba, amma kwana uku da na yi ina aiki yana tsaye a bayana yana numfashi a wuyana.

Da na gama sai na nuna masa. Gilashi biyu ne a haɗe, tsakaninsu ratar yatsa guda, an cika ta da busasshiyar iska, an liƙe gefen da baƙar roba tun daga masana'anta. Wannan iskar ita ce bargon gidan. Na ce, "Abu Ayid, ka wanke, ka goge, ka yi abin da ka ga dama, amma kada ka taɓa robar nan. In ta huje danshi ya shiga, ba mai fitar da shi."

Ya ce, "To, Injiniya." In ya kira ni Injiniya, zagi ne.

Matsalar ita ce hamira. Ranar da amarya za ta shiga ɗakinta ana ba ta curin kwaɓin burodi, wato hamira, ta manna a saman ƙofa. In ya kama, aure ya zauna. In ya faɗo, tsofaffi su fara kallon juna. Yawancin mutane bayan mako guda suke kankare tasu, ko tsuntsaye su cinye. Ta Fidda kuwa tana nan a saman ƙofar katakon tun ranar biki, ta bushe ta yi tauri, ga shatin yatsunta huɗu a jiki. Miflih bai taɓa yarda fenti ya hau ta ba. Sahun gaba yake salla, ya san camfin tsofaffi ne, liman ya sha faɗa. In ka tambaye shi zai ce shi bai yarda da komai ba, kawai dai ba ya son ya ga abu ya faɗo.

Ita kuma Fidda ta mayar da abin sandar dukansa. Duk lokacin da suka yi cacar baki sai ta ce, "Ci gaba, Abu Ayid. Ranar da hamirar nan ta faɗo, na ɗaure kayana na tafi."

Shi kuma ya ce, "Ba za ta faɗo ba. Burodin da ne, ba irin na yanzu mai cike da iska ba."

To, ranar da na ɗauke ƙofar katakon, sai da ya ɓamɓare hamirar da kurfi, ya naɗe ta a hankici. Ya ɗora mini ita a hannu ya ce in sa masa ita a tsakanin gilasan sabuwar ƙofa, daga sama, inda ruwa da tsuntsu ba za su same ta ba. Na ce ba ya yiwuwa. Ya ce to. Ina tada mota ya ɗauko wuƙar yankan nama, ya zare gilashin, ya farke robar da na gama yi masa wa'azi a kanta, ya manna hamirar a ciki da gam, ya mayar ya liƙe da farin gam na banɗaki. Sandunan da ke riƙe gilashin a firam ma ya bi su da gam mai ƙarfi, wai don kada wani ya zo ya yi masa karambani. Ni ne wanin.

Daga nan sauran gidan ya bi layi. Mariƙin tagar ɗakin baƙi ya saki, ya gyara, yanzu in kana so ka buɗe sai ka murɗa kamar za ka rufe. Hinjin tagar kicin ya fara kuka, ya shayar da shi man zaitun, mai kyau na matsar farko, tururuwa suka buɗe hanya daga lambu har yau ba su rufe ba. Ƙofar baya tana shigo da iska, ya cika gefenta da kumfar nan ta gwangwani mai kumbura ta daskare. Iska ta daina shigowa, mutane ma haka. Shekara shida ba a buɗe ta ba, Fidda ta jera tulunan zaitun a jikinta. Duk gyaran gangar Auzinawa ne, amma in na ce zan zo in duba sai ya ce, "Yaro, mai gyara ba ya shiga gidan da akwai namiji." Shekaruna hamsin da bakwai, ina da jikoki uku.

A bara, da sanyi ya kama, Fidda ta fara tsayawa hutu tsakanin kicin da falo. Likita a Amman ya ce zuciya ce, sai an yi aiki, ya sa rana, mako uku masu zuwa. A makon nan ne kuma gam ɗin banɗakin ya gaji. Miflih ya tashi da safe ya ga cikin ƙofarsa ya yi gumi, raɓa tana gangarowa a inda tsumma ba ya kaiwa. Da ya ɗaga kai sai ya ga hamirar ta zame ƙasa da faɗin yatsa guda. Danshi ya narkar da gam ɗin da ke riƙe ta, matsin gilasan biyu ne kawai ya hana ta faɗowa gaba ɗaya. Ya zaro biro daga bayan kunne ya ja layi a inda ta tsaya.

Na je gaishe da yayata na same shi a kan kujera da abin busar da gashi na matar maƙwabci, yana hura wa ƙofa iska mai zafi.

Na ce, "Me kake yi?"

"Kitso nake mata. Ba ka gani?"

"Kana busar da waje, ruwan yana ciki. Sauko. Kwana huɗu zan kawo maka sabon gilashi."

"Hamirar fa?"

"A cire ta a sa a kwalba."

Ya kashe abin busar da gashin. Ya ce, "Wato a sauko da ita."

"Eh mana."

"Da hannunka za ka sauko da ita, ana saura kwana goma sha tara a buɗe ƙirjin yayarka."

Sai a lokacin na gane maganar da Fidda ta shekara arba'in da ɗaya tana tsokanarsa da ita ta sauya masa kama, tafiyar da yake ji yanzu ba ta yaji zuwa gidana ba ce, wadda ba a dawowa ce. Tsoro ne ya cika shi. Ni ma tsoron nake ji, sai dai ni ba ni da ƙofar da zan sauke shi a kanta.

Kwana biyu bayan haka wani ya ba shi labari a masallaci cewa in waya ta faɗa ruwa ana binne ta a shinkafa ta tsotse danshin. Ya dawo gida da saurinsa. Fidda ta hana shi shinkafarta, ta ce ta mansaf ce, abincin bikinmu na shinkafa da naman rago, ta ajiye wa ranar da Ayid zai zo. Sai ya ɗebo irin alkama da wani ɗan'uwansa manomi ya bar masa ajiya. Ya huda gefen gilashin daga sama, ya naɗa takarda ya yi mazurari, ya ɗura kofi biyu. Ƙwayoyin suka bi ta gefen hamirar suka taru a ƙasa.

Ƙofar Miflih kudu take kallo, rana tana dukanta tun hantsi. Ga ɗumi, ga ruwa, ga iri mai kyau. Kwana biyar alkama ta tsiro, kore shar, tsakanin gilashi biyu. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Unguwa ta samu abin kallo. Hajja Tamam, tsohuwar da ke ƙarshen layi, ta zo da sandarta ta shafa gilashin ta ce albarka ce, ba a taɓa ganin gidan da arziki ya tsiro a cikin ƙofa ba. Wani tsohon malamin gona ya ba da shawarar a zuba taki kaɗan ta hujin. Akuyar maƙwabci ta ƙaura zuwa bakin ƙofar, tana wuni tana lasar gilashi, in ta gaji ta ja baya ta tunkuya. Miflih ya sa kujera yana gadin akuya da tsintsiya. Duk safiya kuma, kafin ya sha shayi, sai ya hau ya ja sabon layi. Alkamar tana ƙara wa ciki danshi, hamirar ta ƙara sauri. Ya auna layukan, ya yi lissafi irin na mai karanta mita, ya gano za ta taɓa ƙasa ranar Talata, ranar aikin.

Ana saura kwana tara wayata ta yi ƙara. Ya ce, "Sayil, ka zo." Shekara goma nake jiran wannan kiran. Na loda kayan aikina duka, har da waɗanda ba na bukata, na sa sabuwar riga.

Ya tare ni a bakin hanya. Ya ce, "Bar kayanka a mota. Ba aiki na kira ka ba, ƙarfinka nake so. Ƙofar ta yi mini nauyi ni kaɗai."

"Ina za mu kai ta?"

"Ba inda za ta. Kifa ta za mu yi, sama ya koma ƙasa."

Na tsaya ina kallonsa. Ya yi mini bayani a hankali, irin wanda ake yi wa marar fahimta. Hamirar tana gudun saman ƙofa, ko ba haka ba? To in aka kifa ƙofar, sai ta riƙa zamewa tana komawa inda ta fito. In ta isa, a sake juyawa.

Na ce, "Abu Ayid, in ka kifa ƙofar, hamirar za ta dawo daidai gwiwarka, kusa da ƙasa. Abin da kake gudu ke nan."

"Kusa da ƙasa, amma a saman ƙofa take. Saman ne ya sauko, ita ba ta faɗo ba."

"Kullen fa? Hinjin fa? Ba a yi su don su tsaya da ka ba."

"Ka riƙe can gefen, Injiniya."

Na riƙe. Ban san abin da ya sa ba, ko kuma na sani. Muka sauke ƙofa mai nauyin buhu biyu, muka kifa ta, ya huda wa hinji sababbin ramuka a firam ɗin da na auna da hannuna. Saiwoyin alkamar sun riga sun sarƙe sun cushe ratar, saboda haka gonar ba ta zube ba, ta koma sama tana reto, kai a ƙasa. Bayan kwana biyu ganyen ya lanƙwaso yana neman sama. Akuyar ta zo ta tarar abincinta ya tashi sama, ta tsaya tana kuka da ƙafafun gaba a jikin gilashi. Makulli ya koma buɗewa ta hagu, mariƙi kuma sai an ɗaga shi sama. Liman da ya zo duba Fidda ya yi minti biyar yana kokawa da ƙofar, a ƙarshe ya yi wa Fidda addu'a ta tagar kicin.

Sau uku muka juya ƙofar nan kamar masu suyar waina. Duk lokacin da muka sauke ta, gidan yana zama a buɗe awa biyu cikin sanyin Ajlun, abin da aka sa ƙofar don a hana. Fidda kuwa sai ta sa a kawo mata kujera tsakiyar falo, ta lulluɓa da bargo biyu, murhun kananzir a gefen ƙafarta, tana ba da umarni. "Ku karkata hagu. Sayil, kana taka masa ƙafa. Abu Ayid, girbi yaushe ne, in gayyato mata?" Tana dariya har tari ya sarƙe ta.

Raina ya ɓaci. Da ya fita korar akuya na ce, "Yaya, ke kaɗai yake jin maganarki. Ki hana shi. Mutumin nan ya zama abin dariya a gari, ke kuma sanyi yana shigarki."

Ta ce, "Ƙyale shi."

"Har yaushe?"

"Na ce ka ƙyale shi, Sayil. Zuba mini shayi."

Juyi na uku ranar Litinin da la'asar muka yi shi, ƙofar ta sake komawa kai a ƙasa. Firam ɗin ya riga ya zama rariya, noti yana shiga rami yana yawo. Na faɗa masa ba zai riƙe ba. Ya cusa tsinken ashana a ramukan ya ɗaure, ya ce ga shi ya riƙe.

Ranar Talata da sassafe na iso da motata, ƙarfe tara ake jiranmu a asibiti a Amman, tafiyar awa ɗaya da rabi. Na tarar da ƙofa a rufe, Miflih yana ta ciki yana jijjiga mariƙi. Ƙofar ta saki ta zauna a karkace, ƙarafan kullen guda uku sun ciji firam sun ƙi saki. Ya murɗa makulli da ƙarfi, makullin ya karye a ciki. Ƙofar baya tana cikin kumfarta. Tagogi duk da ƙarafan tsaro, ni na ɗaura su, kuma ba na aikin wasa.

Na zagaya tagar kicin. Fidda tana zaune da jakarta a cinya, ta yi shirin fita, mayafi da takalmi. Leɓunanta sun yi duhu, tana jan numfashi da ƙyar.

Na ce, "Abu Ayid, zare sandunan da ke riƙe gilashin ta ciki, mu cire shi lafiya."

Ya ce, "Na sa musu gam."

"Na sani. Ina so ne in ji ka faɗa."

Huda kullen zai ci awa biyu, ba mu da su. Na koma mota na ɗauko guduma. Da na dawo bakin ƙofar sai na gan shi ta cikin gilashi, ya tsaya ya ware hannuwa, alkama tana reto a saman kansa, hamirar tana daidai gwiwarsa.

Ya ce, "Ba za ka fasa ba."

"Matsa."

"Saura kaɗan ta koma wurinta. Yatsa biyu ya rage. Ka ba ni zuwa azahar."

"Azahar ta wa? Juya ka dubi matarka."

Ya juya. Ban ga fuskarsa ba, bayansa kawai na gani, da yadda kafaɗunsa suka sauka. Na ji muryar Fidda daga kicin, a hankali. "Sayil, miƙo masa gudumar."

Na miƙa ta tsakanin ƙarafan taga. Ya karɓa ya auna nauyinta a hannu. Na ce ya doki kusurwa, kada ya doki tsakiya. Wannan ce shawarata ta farko da ya taɓa ɗauka. Ya ce bismillah, ya doka. Gilashin ciki ya zube, ya sake dokawa na waje ya bi shi. Gonar alkama ta faɗo gaba ɗaya kamar tabarma, akuyar da ke jira tun asuba ta ja ta ta gudu. Hamirar ta faɗi a kan dutsen bakin ƙofa, ta yi ƙara irin ta tsakuwa, ta rabe biyu.

Miflih ya durƙusa a cikin fasassun gilasai ya ɗauko ta. Ya juya ɓarin ya duba, ya sake dubawa, ya miƙo mini. Cikin fari ne fat, da 'yan ƙwayoyin yashi. Shekara talatin da biyar ina shiga gidajen da ake ginawa, na san farin siminti in na gan shi. Na kuma taɓa riƙe abin nan a hannuna ban gane ba, wannan kunyar tawa ce.

Fidda ta taho a hankali tana dafa bango. Ta dubi ɓarin da ke hannunsa ta ce, "Kazar mahaifiyarka ce ta cinye ta gaskiyar."

Ya ce, "Wace kaza?"

"Ja ɗin nan mai ƙafa ɗaya gajera. Washegarin biki na fito shara da safe, na tarar hamirar a ƙasa, kazar tana kanta, ta kusa gamawa. Shekarata goma sha tara, na ji tsoron bakin tsofaffi. Magina sun bar ragowar siminti a bayan ɗaki, na kwaɓa, na danna a kan wata ƙusa da ta leƙo, na sa yatsuna."

"Shekara arba'in da ɗaya, Fidda." Ban taɓa jin ya kira sunanta a gaban mutane ba.

"Da ɗaya da wata huɗu. Ina zaune da kai ba hamira ba komai, kai da akwatinka."

"To me ya sa ba ki faɗa ba? Kina kallo ina kifa ƙofa, gari yana dariya."

Ta ce, "Da na faɗa maka, da me za ka cika makonnin nan uku? Da ka zauna ka zuba mini ido kana ƙirga numfashina kamar mita. Gara ka ƙirga na ƙofa. Ɗauki jakata, mun makara."

Ta kama hannunsa ta tsallaka ta cikin firam ɗin da ba gilashi, ta bi ta kan ɓaraguzai ta shiga mota. Muka isa Amman. Awa biyar aka yi ana aikin, yana zaune a benci da ɓarin siminti biyu a tafin hannu yana haɗa su yana rabawa. Wata kujera a gefenmu tana girgiɗi, na ga ya dube ta sau biyu, amma bai taɓa ta ba. Da likita ya fito ya ce an gama lafiya, Miflih ya zuba ɓarin a aljihu, ya tashi ya gode masa.

Kwana goma sha biyu ta yi a asibiti. A cikinsu na cire firam ɗin nan da ya zama rariya, na ɗaura sabuwar ƙofa, sama a sama, ƙasa a ƙasa. Na fasa kumfar ƙofar baya na buɗe ta. Miflih yana tsaye a bayana yana numfashi a wuyana, amma bai ce Injiniya ba ko sau ɗaya.

Ranar da aka sallamo ta, Ayid ya iso daga Kuwait, unguwa ta taru a bakin gida, har da Hajja Tamam da sandarta. Fidda ta fito daga mota tana takawa kaɗan-kaɗan. Sai ga Miflih ya fito daga kicin da faranti, a kai curin kwaɓi ne da ya kwaɓa da hannunsa, na gaske, da yis da komai, har ya kumbura. Ya tsaya gabanta ya miƙa mata.

Ta dube shi, ta dubi mutane, ta ce, "Tsoho da kai." Amma ta karɓa. Ta ɗaga hannu iya inda ɗinkin ƙirjinta ya bari, ta manna curin a jikin sabuwar ƙofa, ta danna da yatsu huɗu.

Abin da ban sani ba shi ne, da safiyar nan Miflih ya goge ƙofar tas da man zaitun don ta yi ƙyalli a tarbi uwargida. Curin ya tsaya kamar numfashi biyu, ya zame, ya sulale, ya faɗi a bakin ƙofa. Hajja Tamam ta buɗe baki ta rufe.

Fidda ta ɗage gefen rigarta ta tsallake shi ta shiga gidanta. Daga ciki muka ji tana tambaya wane ne ya kwashe mata tulunan zaitun daga inda ta jera su.

Miflih bai motsa ba. Yana kallon curin a ƙasa, hawaye suna bin gemunsa, bai share ba. Ya kama hannun rigata ya ce, "Ka gani, Sayil? Ya faɗo, kuma ta shiga."

Na ce na gani. Muka bi ta ciki, ya mayar da ƙofar ya rufe a hankali.